Kuɗin Ƙungiya, Aljihun Wa? Horar da Shugabannin Ɗalibai Kan Riƙon Amanar Dukiya

Duk wanda ya yi jami'a a ƙasar nan ya san irin wannan zama. Shekarar karatu ta zo ƙarshe, jarabawa saura 'yan makonni, sai a kira babban taron ɗalibai domin shugabannin ƙungiya masu barin gado su yi bayanin yadda suka yi da kuɗin jama'a. Ɗakin lacca ya cika maƙil, wasu har kan tagogi, fanka na juyawa amma zufa ba ta daina zuba ba.

Sakataren kuɗi ya miƙe da takarda guda a hannu. Ya karanto abin da ya shigo, ya karanto abin da ya fita, lissafi ya tashi daidai wa daida, ko kwabo bai yi saura ba. Can daga baya wani ya ɗaga hannu, ya ce a nuna wa jama'a rasit na motocin da aka ce an ɗauko haya a makon ɗalibai. Sakataren kuɗi ya dubi ma'aji, ma'aji ya dubi shugaba, shugaba ya ce ai takardun suna wurin daraktan walwala, shi kuwa ya yi tafiya.

Daga nan sai hayaniya. Magoya baya na ihun "Kwamared!", 'yan adawa na dukan tebur, mai jagorantar zama ya ɗage taro sai abin da hali ya yi. Halin kuwa ba ya taɓa yi, domin kafin wata uku waɗanda ake tuhuma sun karɓi takardar sallama, sun wuce bautar ƙasa.

Yawaitar irin wannan ce ta sa jami'o'i da hukumomin yaƙi da rashawa da wasu ƙungiyoyin farar hula suka fara kiran zaɓaɓɓun shugabannin ɗalibai su zaunar da su, su koya masu tsara kasafi, ajiye lissafi da yi wa waɗanda suka zaɓe su bayani. Niyyar mai kyau ce. Abin tambaya shi ne ko bitar kwana biyu da takardar shaida za su iya toshe ramin da aka daɗe ana haƙawa.

Daga ina kuɗin ke fitowa?

Mutane da yawa na raina kuɗin ƙungiyar ɗalibai, suna ganin 'yan canji ne. A zauna a yi lissafi. A ce jami'a tana da ɗalibai dubu 30, kowane ɗalibi ya biya naira dubu ɗaya ta ƙungiya lokacin rajista. Naira miliyan 30 ke nan a shekara, a hannun samari da 'yan mata da akasarinsu ba su wuce shekara 25 ba, waɗanda mafi girman kuɗin da suka taɓa riƙewa shi ne kuɗin makarantarsu.

Wannan kuwa babbar ƙungiya ce kawai. A ƙarƙashinta akwai ta tsangaya, akwai ta sashe, akwai ta ɗakunan kwana. Ga ƙungiyoyin jihohi da na ƙananan hukumomi, irin su ta ɗaliban jihar Kano da ta Katsina da sauransu, waɗanda ke da rassa a kusan kowace makaranta. Ga na addini, MSSN ta ɗalibai Musulmi da aka kafa tun 1954 da takwararta FCS ta ɗalibai Kirista. Kowacce da kuɗin da take karɓa, kowacce da ma'ajinta. Ɗalibi ɗaya kan biya wurare huɗu ko biyar kafin a buga masa hatimi a takardar rajista.

Ban da kuɗin rajista, akwai hayar shaguna da rumfunan da ke ƙarƙashin ƙungiya, da abin da ake samu daga motocin jigila a inda ƙungiya ke da su, da tallafin kamfanonin sadarwa da na lemo a makon ɗalibai. Sai kuma ƙofar da ta fi kowacce duhu, wato gudummawar 'yan siyasa. Za mu dawo kanta.

Da can ba a cika damuwa da bin diddigi ba. Amma tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, jami'o'i da dama suka ƙara kuɗin rajista, hauhawar farashin kaya ta haura kashi 30 cikin ɗari a 2024, sai dubu ɗaya ta zama abin tambaya. Ɗalibin da ke jiran naira dubu 20 ta wata daga asusun lamunin karatu na NELFUND don ya ci abinci ba zai ga an yi liyafa da kuɗinsa ya yi shiru ba.

Ba haka aka faro ba

Da can, ƙungiyar ɗalibai a Najeriya ba a san ta da rigimar kuɗin ciki ba, an san ta da tsaya wa gwamnati a gaba. An kafa ƙungiyar ɗalibai ta ƙasa, NUNS, a 1956. A watan Afrilun 1978, ƙarƙashin Segun Okeowo, ta jagoranci boren da aka yi wa laƙabi da sunan kwamishinan ilimi na lokacin, Kanar Ahmadu Ali, kan ƙarin kwabo hamsin a kuɗin abincin yini. An rasa rayuka a Legas da Zariya, gwamnatin Janar Obasanjo ta haramta ƙungiyar, daga tokarta sabuwar ƙungiyar ɗalibai ta ƙasa, NANS, ta taso a 1980.

A watan Mayun 1986 aka sake zubar da jini a Jami'ar Ahmadu Bello, zamanin shugabancin Farfesa Ango Abdullahi. Shekara uku bayan haka gwamnatin Janar Babangida ta fito da dokar soja mai lamba 47 ta 1989, wadda ta ce shiga ƙungiyar ɗalibai ganin dama ne, ta kuma ba hukumomi ikon dakatar da ƙungiya ko rushe ta.

Daga wannan lokaci zama ya canza. Jami'o'i suka riƙa ɗaukar ƙungiya a matsayin abin da za a sa wa linzami, ba makarantar koyon shugabanci ba. A rushe yau, a kafa kwamitin riƙo gobe, a yi zaɓe bayan shekara biyu. Duk lokacin da aka rushe, takardu kan ɓace, al'adar aiki kan yanke, sababbin zuwa su faro daga tushe ba tare da wanda zai nuna masu hanya ba.

Da mulkin farar hula ya dawo a 1999, 'yan siyasa suka gane cewa sayen shugaban ɗalibai ya fi dukansa araha. Yau ba abin mamaki ba ne a ji mutum biyu ko uku kowanne na kiran kansa shugaban NANS, kowanne da uban gidansa.

Inda kuɗin ke zurarewa

A yi adalci: ba duk ɓarnar ce sata ba. Kaso mai yawa rashin sani ne. Yaron da ke karatun kimiyyar sinadarai ya ci zaɓen ma'aji saboda yana da jama'a a hostel, bai taɓa ganin littafin shiga da fita ba, bai san me ake nufi da bauca ba. An ba shi dubu 200 ya sayo kujeru da lemo, ya sayo, bai karɓi rasit ba domin a kasuwar da ya je ba a saba bayarwa ba. Bayan wata shida aka tambaye shi, sai rantsuwa. Mai yiwuwa gaskiya yake faɗa, amma rantsuwa ba ta shiga fayil.

Sai matsalar asusu. Buɗe asusun banki da sunan ƙungiya na buƙatar tsarin mulki a rubuce, da takardar zaman da aka amince da masu sa hannu, da wasiƙa daga ofishin harkokin ɗalibai. Ana ganin wannan wahala ce, sai wani ya ce a turo ta asusunsa na OPay ko Moniepoint "kafin a gyara". Ba a taɓa gyarawa. Kuɗin ƙungiya ya gauraya da wanda mahaifinsa ya turo masa, ya ciri dubu biyar ya sa data da niyyar zai mayar, gobe ya ciri goma. Kafin ya farga ramin ya fi ƙarfinsa. Mafi yawan waɗanda suka ci amanar ƙungiya ta nan suka fara, ba da niyyar sata suka shigo ba.

Akwai kuma masu shigowa da lissafinsu a shirye. Takarar shugabancin ƙungiya a babbar jami'a yanzu tana cin kuɗi: fosta, riguna, kuɗin fom, abincin 'yan kamfe, wani lokaci har da mai kiɗa. Wanda ya ci bashi ya yi takara, a ina ake zaton zai fanshe? Nan ake samun kwangilar buga riguna da aka ba abokin ɗaki, farashin ya ninka na kasuwa, da tafiye-tafiyen "taron ƙasa" da babu wanda ya san ranar da aka yi su.

Gudummawar 'yan siyasa ita ce ta fi wuyar kamawa, don ba ta bi ta banki. A shirya lambar yabo, a ɗauki tawaga a je gidan ɗan majalisa ko kwamishina, a miƙa allo mai ƙyalli, a ɗauki hoto, a fito da ambulan. Nawa ne a ciki? Waɗanda suka shiga falon ne kaɗai suka sani. Da sunan ɗalibai aka karɓa, amma ba ya shiga littafin ɗalibai. Kuma wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski: ranar da mai gidan ya yi abin da ya cuci ɗalibai, bakin shugaba a rufe yake.

Me ake koyarwa?

Horon kan zo ta hanyoyi daban-daban. Wasu jami'o'in ofishin harkokin ɗalibai ne ke shiryawa bayan rantsarwa, a gayyato ma'aikatan ofishin kuɗi da na binciken kuɗi su yi bayani. Hukumar ICPC, wadda aka kafa a 2000, tana da rassan sa-kai na ɗalibai a manyan makarantu, tana kuma da kwalejin horaswa a Keffi. EFCC ma na kafa kulob-kulob na ɗalibai. Ƙungiyoyin akantoci, ICAN da ANAN, suna da rassa a garuruwan da jami'o'i suke, ko da yake ba kasafai ake neman su kan wannan ba.

Abin da horo mai amfani ke ɗauke da shi ba mai wuya ba ne. Farko kasafi: shugabannin zartarwa su rubuta abin da suke sa ran samu da abin da za su kashe, su kai wa majalisar wakilan ɗalibai ta duba ta amince kafin a taɓa ko sisi. Sai raba hannu: wanda ya ba da izinin kashewa daban, wanda ke riƙe da kuɗi daban, wanda ke rubutawa daban. Kuɗi ba sa fita daga asusu sai da sa hannun mutum biyu ko uku. Duk sayayyar da ta kai wani adadi, a nemo farashi daga wurare uku, kamar yadda dokar sayayya ta 2007 ta ɗora aikin gwamnati a kan gasa. Wanda aka ba kuɗin aiki ya dawo da rasit da canji kafin a sake ba shi wani. Ƙarshen kowane wata a ɗauko bayanin banki a gwada da abin da ke littafi.

Mai karatu zai ce ai wannan kowace ƙungiyar adashi ta mata a unguwa ta san rabinsa. Haka ne. Bambancin shi ne uwar adashi tana nan badi, ana sanin gidanta, shugaban ɗalibai kuwa shekara ɗaya gare shi.

Sashen da ya fi ba masu horaswa wahala shi ne na bayyanawa. Ajiye lissafi abu ne, nuna shi ga jama'a wani abu ne daban. Shugabanni da yawa na ɗaukar tambaya a matsayin raini. A al'adarmu ma akwai kunyar tambayar mutum lissafi, musamman a ƙungiyoyin addini da na 'yan gari ɗaya, inda ake ganin neman rasit daga ɗan'uwa zargi ne. Masu wa'azi kan tunatar cewa aya mafi tsawo a Alƙur'ani, a cikin suratul Baƙara, kan rubuta bashi da kafa shaidu take magana, kuma muminai aka umarta da ita, ba waɗanda ake zargi ba. Rubutu kariya ce ga mai amana kafin ya zama tarko ga maci amana.

Kayan aikin kuwa suna hannun kowa. Shafin lissafi na Google Sheets da kowane ɗalibi zai iya buɗewa a wayarsa, hoton bayanin banki a zauren WhatsApp na aji duk wata, takarda guda a allon sanarwa. Babu wanda ke cin kuɗi a cikinsu.

Masu ganin aikin banza ne

Ba kowa ne ya gamsu ba. Wasu malamai na cewa ilimi bai taɓa hana ɓarawo sata ba, sai dai ya koya masa gyara takarda. Wanda da can zai ce rasit ya ɓata, bayan bita zai je shagon kwamfuta a buga masa mai kyau. Suna nuni da cewa manyan da ake gurfanarwa kan biliyoyi ba jahilan lissafi ba ne, wasunsu akantoci ne masu lambobi.

Wasu ɗaliban kuma da fushi suke kallon abin. A ganinsu bitar kanta ta zama wata hanyar cin kuɗi: a kama ɗakin taro a otal, a buga jaka da riga, a raba alawus, a yi hoto da babban baƙo, sannan a rubuta kuɗin duka a kan ƙungiya. Babban baƙon ma sau da yawa jawabi kan gaskiya da riƙon amana zai yi na awa guda ya tafi, ba a buɗe littafin lissafi ko sau ɗaya ba.

A wannan suna da gaskiya. Lacca kan kyawun hali ba horo ba ce. Horo shi ne a zaunar da ma'aji da sakataren kuɗi gaban takardun bara na ainihi, a ce su nemo inda lissafi ya karkace. A ba su bauca su cike, su yi kuskure, a gyara masu. Kuma lokaci na da muhimmanci: bitar da aka yi wata biyar bayan rantsarwa, an riga an ci makon ɗalibai, me za ta tsare?

Akwai kuma kuskuren horar da 'yan zartarwa kaɗai. Majalisar wakilai ce aka ɗora wa sa ido, amma 'yan majalisar ba su san yadda ake karanta bayanin banki ba, sai dai tsige shugaba in an ɓata, ko yi masa shiru in an shirya. Haka kwamitin binciken kuɗi, wanda a wurare da yawa shugaban da za a bincika ne ke naɗa shi. Ga ɗaliban sashen akanta nan 'yan aji uku da huɗu, da ƙungiyarsu ta NUASA, suna neman inda za su gwada abin da suka karanta, ba wanda ya kira su.

Masu goyon bayan horon na da tasu hujjar, kuma ba ƙarama ba ce. Ƙungiyar ɗalibai ita ce zauren farko na 'yan siyasar gobe. Opeyemi Bamidele, jagoran masu rinjaye a majalisar dattawa ta goma, ya taɓa shugabancin NANS. Omoyele Sowore ya jagoranci ɗaliban Jami'ar Legas a farkon shekarun 1990. Tun da aka sa hannu kan gyaran tsarin mulki na 2018 da ya sauko da shekarun takarar majalisar wakilai da ta jiha daga 30 zuwa 25, tazarar da ke tsakanin ofishin ƙungiya da zauren majalisa ta zama ta 'yan shekaru. Abin da yaro ya saba yi da miliyan goma, shi zai yi da miliyan dubu.

Wa zai binciki mai bincike?

Akwai ɓangaren da ba a cika taɓawa a wuraren bita ba, domin masu shirya bitar ne abin ya shafa. A jami'o'i da yawa ba ƙungiya ce ke karɓar kuɗinta ba. Ana haɗa shi da kuɗin rajista, a biya ta Remita tun da aka tilasta asusun bai ɗaya na gwamnatin tarayya a 2015, sannan hukumar makaranta ta riƙa sakar wa ƙungiya kaɗan-kaɗan.

Tsarin na da amfani, ya rage yawon tsabar kuɗi a jakunkuna. Amma tsofaffin shugabannin ɗalibai na kokawa cewa ba a gaya masu ɗalibai nawa suka biya, balle su san nawa ya kamata su karɓa. Wanda bai san abin da ya shigo ba, ta yaya zai tsara kasafi? Kuma kuɗin kan zama linzami: shugaban da ya yi shiru kan ƙarin kuɗin makaranta takardarsa na fitowa da wuri, wanda ya ɗaga murya sai a ce fayil na kan tebur.

Su ma jami'an makaranta na da abin cewa. Idan aka saki kuɗin gaba ɗaya aka cinye, iyaye da 'yan jarida hukumar jami'a za su tuhuma, ba yaron da ya gama ya tafi ba. Sun sha ganin masu shaguna da masu buga riguna sun zo ofis da takardun bashin shugabannin da suka shuɗe.

Duk da haka, mai koyar da bayyana gaskiya shi ya kamata ya fara. A 2025 an yi ta ce-ce-ku-ce kan zargin cewa wasu makarantu na riƙe kuɗin lamunin NELFUND ko zaftare shi ba tare da sanar da ɗalibai ba, har ICPC ta ce ta shiga bincike. Ɗalibin da ya ji wannan a rediyo, gobe aka zaunar da shi ana yi masa huɗuba kan rasit na lemo, me ake so ya ɗauka? Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba kowa damar rubuta wa hukumar gwamnati ya nemi bayani, ta kuma ba hukumar kwana bakwai ta amsa. Jami'o'in tarayya na cikin waɗanda dokar ta hau. Da wuya ka ji an koyar da wannan a bitar shugabannin ɗalibai.

Ranar sauka

Duk tsarin da aka gina, a ranar miƙa mulki ake gane ingancinsa. Mafi yawan sababbin shugabanni hatimi da mukullin ofis kaɗai suke gada, wani lokaci da bashi. Babu jerin kadarori: janareta nawa, kujeru nawa, na'urar buga takarda tana ina. Lambar sirrin shafukan ƙungiya ma sai an bi tsohon sakatare ana roƙo.

Maganin wannan na hannun jami'a, kuma ba ya buƙatar otal. Kowane ɗalibi sai ya zagaya ɗakin karatu da hostel da ofishin kuɗi an sa masa hannu kafin ya karɓi sakamakonsa. A ƙara layi ɗaya ga wanda ya riƙe kuɗin ƙungiya: ba za a sallame shi ba sai an binciki lissafinsa, an karanta rahoton a gaban ɗalibai, magajinsa ya sa hannu cewa ya karɓi kaya. A kuma matso da zaɓe baya, yadda tsofaffi da sababbi za su yi wata guda tare kafin jarabawa.

Sharaɗin sai ya hau kowa, har da kwamitocin riƙo da hukumar makaranta ke naɗawa in ta rushe ƙungiya. Su ba zaɓarsu aka yi ba, ba su da majalisar da za ta tambaye su, kuma a irin waɗannan shekarun ba a cika jin an daina karɓar kuɗin ƙungiya daga ɗalibai a wurin rajista ba.